Wa Ya Yi Allurar?

Takardar shafi ɗaya ce tak, bugun inji, amma yadda Auta ta sake ta a kan teburin mahaifinta sai ka ce garwashi ta ɗauko da tafin hannu. Ba ta zauna ba. Ta wuce bakin taga da farar rigarta ta aikin jinya, ta ɗan ja labule da yatsa tana leƙen titi.

"Baba, Turancin kawai za ka duba min. Gobe ƙarfe goma zan sa hannu."

Malam ya ninke jaridarsa. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana koyar da Turanci a makarantar sakandare kafin ya yi ritaya, kuma har yanzu tsofaffin ɗalibansa, wasu ma sun yi furfura, Jan Biro suke ce masa a bayan ido. Matarsa takan ce ko takardar magani likita ya rubuta masa, sai ya gyara waƙafi kafin ya haɗiyi ƙwaya. Yau ba ta gida, ta tafi dubiyar ƙanwarta. Sai daga baya Malam ya gane cewa Auta ta san da haka kafin ta zo.

"Wa kike leƙe?"

"Ba kowa."

"To, ba kowan nan ba zai gudu ba. Zauna."

Ta ɗosana a gefen kujera, ta haɗe gwiwoyi. Ya maƙala tabarau ya fara karantawa, leɓensa yana motsi kamar yadda ya saba. Rahoto ne a kan wani marar lafiya, tela, ɗan shekara hamsin da biyu, wanda aka kwantar a asibitin da take aiki saboda wani ciwo a ƙafa da ya ƙi warkewa. Ranar Talata bayan azahar ya rasu, kwana biyu ke nan. A ƙasan takardar an ja layi an bar shi fili, an rubuta a ƙarƙashinsa: ma'aikaciyar jinyar da ke bakin aiki.

"Ke kika rubuta?"

"Daga ofis aka rubuto. Metiron, shugabarmu, ita ta miƙo min. Ta ce kowa ya sa hannu a nasa, ni kaɗai ake jira kafin kwamitin bincike ya zauna."

A sakin layi na uku yatsan Malam ya tsaya. Ya karanta a fili, a hankali: "After giving the injection, the patient collapsed." Ya sake karantawa. Sai ya yi ɗan murmushin nan da ɗalibansa suka fi tsoro fiye da bulala.

"Wannan telan, shi ya yi wa kansa allura?"

"Haba Baba. Mutumin da ko zama ba ya iyawa sai an tallafe shi?"

"To ai abin da aka rubuta ke nan. Matso ki gani. Farkon jimlar cewa ya yi, bayan yin allurar. Bai faɗi wanda ya yi ba. A ƙa'idar Turanci, in ka buɗe jimla da aiki irin wannan ba ka ambaci mai yinsa ba, duk wanda ya fara zuwa bayan waƙafi a kansa aikin zai faɗa. Wa ya zo bayan waƙafi? Marar lafiya. Ke nan shi ya riƙe sirinji, ya yi wa kansa, sannan ya yanke jiki ya faɗi. Kalmomin nan reto suke yi, ba su kama komai ba."

In ya zo nan a aji, ya saba kawo labarin yaron da ya taɓa rubuta masa cewa ya kai kaza wa kawunsa mai yin ƙwai kullum, aji ya yi ta dariya har shugaban makaranta ya leƙo. Ya buɗe baki zai fara, sai ya dubi fuskar 'yarsa. Leɓenta ya bushe ya yi fari, idanunta sun faɗa.

Ya mai da ido kan takardar ya karanta jimlar da ke biye. Cewa ta yi ma'aikaciyar jinyar da ke bakin aiki tana gefen gado a lokacin. Ya bi rahoton daga sama har ƙasa, ya sake biyo shi daga ƙasa zuwa sama. In dai takardar za a bi, mutum biyu ne kaɗai a cikin ɗakin nan: mamacin da 'yarsa. Murmushin ya gudu daga fuskarsa.

"Ba mai hankalin da zai yarda tela ya yi wa kansa allura," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Duk wanda ya karanta sai ya nemi wani. Riga ce aka rataye a ƙusa, wanda ya fi kusa shi za a sanya wa. Auta, wa ya yi allurar nan?"

 A waje wani babur ya wuce da ƙara, ta zabura har takalminta ya bugi ƙafar tebur.

"Babban Likita," ta ce.

"Da hannunsa?"

"Da hannunsa. Ta robar ƙarin ruwa ya tura."

"Ina sunansa a nan?"

"Babu."

Daga nan maganar ta ɓalle mata, tana fitowa gunduwa-gunduwa. Akwai wani magani da jikin telan ba ya karɓa, an rubuta da jan tawada a bangon fayil ɗinsa. Shi aka yi masa. Ko minti huɗu ba a yi ba ya dafe maƙogwaro, fuskarsa ta kumbura, numfashi ya ƙi shiga. Ta danna ƙararrawa, ta yi ihu, aka rugo, aka yi duk abin da za a yi.

"Idonsa a kaina yake, Baba, har ya cika. Likita ya riga ya wuce ɗaki na gaba. Jiya 'yan'uwansa suka cika bakin asibiti, wani ya tsegunta musu cewa nas ce ta yi. Yau da na fito, wani dogo riƙe da hular kwano ya biyo ni har tasha. Bai ce min komai ba, kallo kawai. Sau biyu na sauya mota kafin in zo nan."

Malam ya ajiye takardar. Ya tashi da kansa ya je ya danna sakatar ƙofar waje, rana tsaka, ya dawo. Amma da ya zauna, ya jawo farar takarda, sai ya ji ƙarfi ya ɗan dawo masa. Wannan fagensa ne. Ya sake rubuta jimlar, ya sa likita a farkonta, tsaye a gaban aikinsa.

"Kin gani? Bayan likita ya yi allurar, marar lafiya ya faɗi. Kalma biyu kawai aka ƙara. Gobe ki ce musu mahaifinki malamin Turanci ne, ya ce akwai kuskuren nahawu, a gyara. Wa zai yi faɗa da nahawu?"

Wayarta ta yi ƙara a kan tebur. Su duka biyun suka zuba mata ido. Auta ta ga sunan da ya fito, sai ta buɗe muryar ta ajiye ta a tsakaninsu.

"Sista, kin isa gida lafiya?" Muryar Babban Likita a sanyaye take, kamar ta mai lallashin yaro ya sha magani. "An ce min wasu sun dame ki a hanya. Ban ji daɗi ba, na sa a ƙara masu gadi."

"Na gode, ranka ya daɗe."

"Takardar nan, kada ta tayar miki da hankali. Mun tsara ta ne yadda ba za ta taɓa kowa ba. Ba suna, ba laifi. Amma kin san in kowa ya ce sai ya ƙara nasa, kwamiti zai yi ta tono. Wa ya ɗauko fayil, wa ya fasa kwalbar magani." Ya ɗan dakata. "Shekara nawa da karɓar lasisinki? Uku, ko? Ƙuruciya dai. Ki gaida min Malam. Ya taɓa koyar da ƙanina."

Ya kashe.  Malam ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar, ya sake cirewa.

"Auta. Wa ya fasa kwalba?"

Ba ta dube shi ba. "Ni ce."

"Wa ya zuƙo maganin?"

"Ni." Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba. "Na ga jan rubutun, Baba. Ina cikin zuƙowa idona ya kai kansa. Na ce, Likita, fayil ɗin nan... Ko ƙarasawa ban yi ba ya ce, ke ce likita ko ni? A gaban marar lafiya, a gaban kowa. Bara wata ta taɓa ja da shi, yau tana gida. Sai na miƙa masa. Da hannun nan na miƙa masa."

Malam ya dubi jimlar da ya gyara. Ɗazu tana tsaye cas kamar soja. Yanzu ya ga ƙofa ce ya buɗe, kuma ba likita kaɗai zai fito ta cikinta ba. 

"To, ki tsaya a kan tawa," ya ce da sauri. "Ba ƙarya a ciki. Likita ya yi allura. Shi ke nan."

"Za su tambaye ni saura."

"Ki ce ba ki tuna ba."

Maganar ta fita kafin ya kama ta. Auta ta ɗago ta dube shi, kallon da bai taɓa gani a idonta ba. Shi ne mutumin da ya taɓa kai ta makaranta da kansa tana aji huɗu, ya tsaya sai da ta gaya wa malamarsu cewa yayarta ce ta yi mata aikin gida. Ya kau da kai.

"Ko kuma a bar tasu yadda take," ya ce, yana magana da bango. "Ba ta ambaci kowa ba. Kuskuren rubutu ne. Ba a taɓa ɗaure mutum saboda waƙafi ba."

"Yanzun nan ka ce ni za a sanya wa rigar."

 Gaba kura, baya sayaki. In ta sa hannu a tasu, laifin duka nata ne, kuma dogon nan mai hular kwano ya san fuskarta. In ta gyara, Babban Likita zai tono nata, shi kuwa yana da lauyoyi da abokai, ita ba ta da kowa sai tsoho mai hawan jini da biro.

"Kwana biyu ban runtsa ba," in ji Auta. "Ba Likita ne ya hana ni ba, ba kuma mai hular ba. Ba ni takarda."

Ta ja farar takarda gabanta, ta ɗauki biron da ya ajiye. Ta daɗe tana rubutu. Da ta gama, jimla huɗu ne. Na ga gargaɗin da ke bangon fayil. Na fara gaya wa likita, ya katse ni, na yi shiru. Na zuƙo maganin na miƙa masa. Likita ya yi allurar. Auta ta tura wa mahaifinta takardar.

"Duba min Turancin, Baba."

Ya karanta sau uku. A shekara talatin da ɗaya bai taɓa neman kuskure da zuciya ɗaya kamar yau ba, ko ɗigo ne, ko harafi, wani abin da zai sa ya ce a ajiye sai an sake tunani. Kowane aiki yana nan da mai shi a gabansa.

"Babu kuskure," ya ce. 

Da matarsa ta dawo ba su gaya mata ba. Ta ga Auta ta yi murna, ta ce ai dama ta rame, ta kwana a ci abinci. Malam ya tura loma biyu ya ce cikinsa ne.

Washegari ya sa rigarsa ta zuwa taro ya raka ta. A cikin mota kowane babur da ya matso kusa da taga sai ya leƙa fuskar mai shi. Suka hau bene na biyu na asibitin, wani dogon baranda mai warin maganin wanke ƙasa, da benci uku jere a jikin bango. A bakin ɗakin taron Metiron tana tsaye, wata mace mai jiki da agogo maƙale a ƙirji. Ta miƙo hannu.

"Kawo, in kai musu."

"Zan miƙa da kaina, Metiron."

Matar ta dubi takardar da ke hannun Auta, ta ga rubutun hannu ne ba bugun inji ba. Ta matso har numfashinta na taɓa kunnen yarinyar, amma Malam ya ji.

"Yarinya, kin san abin da kike yi kuwa? Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka."

"Ya riga ya dake ni," in ji Auta.

Aka kira ta. Ta shiga ba ta waiwayo ba, ƙofa ta rufu.

Malam ya samu benci ya zauna. Can sai ga Babban Likita ya fito daga ofishinsa, fari tas, yana ƙamshi. Ya gaida Malam da hannu biyu, ya tambayi lafiyar iyali, ya ce duk ranar da ya ga dama ya zo a auna masa jini. Malam ya ji bakinsa yana cewa madalla, madalla. Likitan ya koma ofis ya bar ƙofa a ɗan buɗe.

Sai a lokacin Malam ya lura da mutumin da ke benci na ƙarshe. Dogo ne, ya ɗora hular kwano a gwiwa, ya riƙe ta da hannu biyu, idonsa a kan ƙofar da Auta ta shiga. Malam ya waiwaya. Ya nemi masu gadin da aka ce an ƙara, bai ga ko ɗaya ba.

"Malam, don Allah kana jin Turanci?"

Wata mata ce a gefensa, bai ma san da zamanta ba. Za ta yi shekara arba'in da 'yan kai, idanunta sun kumbura, tana riƙe da wata takarda da ta sha ninki har ta fara yagewa.

"Ina ɗan taɓawa."

"Mijina ne ya rasu a nan ranar Talata. Wannan suka ba mu. Ƙaninsa ga shi can, ya kai wa mutum uku sun karanta, kowa da abin da yake faɗa. Ni abu ɗaya nake so in sani. Wa suka ce ya yi masa allurar?"

Ya karɓa.  Jimlar nan ce dai, ba a sauya ko harafi ba. Zai iya cewa idonsa ba ya gani sosai. Zai iya cewa ya manta tabarau, sai dai ga shi a hancinsa.

"Ba su faɗa ba, baiwar Allah."

"Kamar yaya ba su faɗa ba?"

"Sun ce bayan yin allurar ya faɗi. Ba su ce wane ne ya yi ba. An gina maganar ne yadda ba za ta faɗa ba."

Ta ƙura wa takardar ido, ita da ba ta iya karanta ta.

"To wa zai faɗa?"

Malam ya nuna ƙofar ɗakin taron. "Yarinyar da ta shiga yanzu."

"Nas ɗin? Ka san ta ne?"

"'Yata ce."

Bencin ƙarshe ya yi ƙara. Dogon ya miƙe, ya taho, takunsa yana amsawa a barandar, har ya tsaya a kan Malam ya tare masa haske. Malam ya ga jijiyoyin hannun da ke riƙe da hular. 

"'Yarka ce ta kashe min wa?"

"Tana ciki tana faɗin abin da ta yi," in ji Malam, kowace kalma sai ya jawo ta. "Da abin da ba ita ta yi ba. Jiya na ce ta ɓoye nata. Ta ƙi."

Dogon ya ƙara matsowa. Matar ta ɗaga hannu ba tare da ta dube shi ba.

"Dakata, ƙanin miji. Kwana uku ke nan kowa a gidan nan an yi yake ce min. An yi allura, an yi ƙoƙari, an rasa shi. Har na fara zaton aljanu ne ke aiki a asibitin. Bari in ji daga bakin mai cewa na yi."

Bai koma ya zauna ba, amma bai ƙara taku ba. Haka suka kasance su uku, agogon bango yana tafiya. Malam ya ƙirga minti arba'in da bakwai.

Ƙofa ta buɗe. Wani magatakarda ya leƙo, ya wuce su, ya ƙwanƙwasa ofishin da aka bari a ɗan buɗe, ya ce kwamiti yana son ganin Babban Likita, yanzu, kuma ya taho da fayil ɗin. Da likitan ya fito bai gaida kowa ba. Ya bi ta gabansu da sauri, yana ɓalla maɓallin rigarsa a ramin da ba nasa ba.

Sannan Auta ta fito. Katin aikin da ke rataye a wuyanta da safe babu shi. Ta zo gaban mahaifinta, ta buɗe baki, sai ta ga dogon, ta ƙame.

"Sun dakatar da ni, Baba," ta ce a hankali. "Sai an gama bincike. Sun karɓi takardar."

Matar telan ta daɗe tana kallonta, tun daga fuska har hannuwa. Sannan ta ɗauke jakarta daga kan benci ta ɗora a cinya, ta matsa gefe, wuri ya buɗe tsakaninta da Malam.

"Zauna nan. Ki faɗa min tun daga farko. Da Hausa."

Auta ta dubi mahaifinta.  Dogon yana nan tsaye a kansu da hularsa. Ta zauna, kafaɗarta tana taɓa ta matar, ta ɗora hannuwanta a gwiwa.

"Ranar Talata ce, bayan azahar," ta fara. "Ni ce a bakin aiki."